Gagara-Gajiya da Fankar Inna

"Ni fa, ku bar ganina haka, ofis ne yake danne ni. A ba ni gida, a ba ni kwamfuta, a ja min ƙofa, wallahi aikin mutum goma zan gama kafin shayinku ya huce!"

Mai wannan magana, abokina, shi ne Gagara-Gajiya. Kada ka tambaye ni wa ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa, mu kuma muka riƙe masa don kada wahalarsa ta tafi a banza. Ofishinmu ɗaya da shi, wani kamfani mai sayar da fenti da tayil, sashen amsa saƙonnin abokan ciniki. Gidanmu ma ɗaya, ni ina sama shi yana ƙasa, tagarsa daidai ƙarƙashin barandata. Saboda haka abin da zan ba ka ba jita-jita ba ne. Wani na gani da idona, wani na ji da kunnena, sauran kuma maiɗakinsa ta gaya wa tawa, ka kuwa san wannan hanyar ba ta ɓatar da saƙo.

Ya yi wannan cika bakin ne ranar da aka kafa dokar zaman gida, aka ce kowa ya ɗauki kwamfutarsa ya je ya yi aiki daga ɗakinsa. Muna cikin haɗa kaya Manaja ta fito. Mace ce mai sanyin murya, ba ta faɗa, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi bara. Ta ce shugaban sashenmu ya ajiye aiki, kuma za ta duba wanda ya fi ƙwazo a wannan zaman na gida ta ba shi kujerar.

Gagara-Gajiya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya cikin tausayi.

"Sai haƙuri, 'yan'uwa," ya ce. "Amma kada ku damu, ni shugaba ne mai sauƙin kai."

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya buga wa maiɗakinsa, ya buga wa surukansa, ya buga wa wani abokinsa da suka rabu tun makaranta, duk ya ce musu an riga an ba shi, sanarwa ce kawai ta rage. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, ta zo musu ziyara dokar ta rutsa da ita a gidan. Da ta ji labari sai ta dafa kansa ta yi ta sa albarka har muryarta ta dushe. A hanya ma sai da ya tsaya ya sayi kujera mai juyawa, wai shugaba ba ya zama a kujerar da ba ta juya. Ka ga ke nan yanzu ba kujerar ofis kaɗai ce a gabansa ba, har da mutuncinsa a gaban duk wanda ke da lambarsa.

Washegari ya buɗe ofis. Ya fitar da tarkacen da ke ɗan ɗakin ajiya ya jibge a falo, ya janye teburin cin abinci ya shigar, iyali suka koma ci a ƙasa. Ya sa teburin ya fuskanci taga, rana ta dame shi. Ya juya shi ya fuskanci bango, ya ce bango yana toshe basira. Ya mayar da shi taga. Ya jera littattafai a bayansa don kyamara ta ɗauka in ana mitin, ya ja baya ya duba, ya sake jera su daga dogo zuwa gajere. Duk wannan hidimar ina jinta daga sama, ƙiii, ƙiii, tebur yana yawo. In na leƙo sai ya ɗago kai ya ce:

"Maƙwabci, kana nan kana ta bugun kwamfuta kamar mai koyo? Tsari ake fara yi. Mai tsari ba ya gaggawa."

To, akwai wani ɗan abu da ya kamata ka sani. A manhajar da muke aiki da ita, kowane ma'aikaci akwai ɗan ɗigo kusa da sunansa. In kana motsa maus, wato ɗan abin nan da ake ja a kan tebur kibiya ta yi yawo a fuskar kwamfuta, ɗigon kore ne, kowa ya san kana bakin aiki. In ka ɗauke hannu na ɗan lokaci sai ya koma rawaya. Ɗigon nan ba ya jin magiya, ba ya karɓar uzuri, kuma Manaja tana ganinsa daga falonta.

Shi kuwa Gagara-Gajiya yana da wani abokin gaba da bai taɓa gaya mana ba, wato barcin bayan abincin rana. A ofis kunya ce take riƙe masa ido. A gida kuwa, ga kujera mai laushi, ga ƙofa a rufe, ga ciki ya ɗauka. Ai tun daga barandata nake jin injin ya tashi, ba na kwamfuta ba, na hanci. Rannan yana tsakiyar minshari waya ta yi ƙara. Da yake a lasifika yake sa ta don unguwa ta san manya na kiransa, sai na ji komai.

"Gagara-Gajiya, lafiya? Tun ɗazu ɗigonka rawaya ne."

"Ranki ya daɗe, tunani nake yi. Ni in zan yi tunani mai zurfi sai na janye hannu daga na'ura."

"Na ji alama, har muryarka ta yi zurfi. A wanke fuska a dawo."

Wannan magana ta tsaya masa a rai. Da wani ne, da ya ce bari in rage cin abincin rana, ko in tashi in ɗan taka. Shi kuwa gogan naka cewa ya yi matsalar ba barci ba ce, ɗigon ne ba shi da tarbiyya.

Ya fara da maiɗakinsa.

"Maman yara, in kin gifta ki riƙa ɗan taɓa min wannan abin. Taɓawa kawai, kamar haka."

Ta ajiye bokitin wanki ta riƙe ƙugu. "Kai kuma kana ina?"

"Ina nan, ina tsara manyan abubuwa a kaina."

"Da ido a rufe?"

"Ke ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. In an zo ba da kujerar a ba ni, sai in taɓa. Ɗaga ƙafarka in ɗauki tsintsiya."

Da wannan ƙofa ta rufe sai ya samo zare. Ya ɗaura bakinsa ɗaya a maus, ɗaya a babban ɗan yatsan ƙafarsa, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tebur ya miƙe. Dabarar ita ce yana kwance yana ɗan kaɗa ƙafa. Abin da bai lissafa ba shi ne, in mai ƙafa ya yi barci ƙafa ma barci take yi. Ɗigo ya koma rawaya abinsa. Can ya yi wani juyi irin na mai mafarkin ana binsa, zare ya fizgo maus, maus ya fizgo kofin shayi, kofin shayi ya sauka a kan shugaba mai jiran gado. Ihun da ya yi sai da na leƙo.

"Maƙwabci, lafiya?"

"Lafiya lau! Gwaji nake yi. Duk wani babban abu da gwaji ake fara shi."

Ya fito yana goge wuya, zai wuce ta ƙofar ɗakin Inna, sai ya ja ya tsaya cak. Lokacin zafi ne, irin zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Inna tana kishingiɗe, a gabanta ga fanka ta tsaye, fankar ke nan guda ɗaya tal a gidan. Fankar tana juya kai dama, tana juya kai hagu, ba ta hamma, ba ta gyangyaɗi, ba ta tambayar wa za a ba kujera. Gagara-Gajiya ya yi ta kallonta har idonsa ya ciko da ƙwalla don murna.

"Inna, sannu da hutawa. Aron fankar nan zan yi."

"Auta, a wannan zafin?"

"Kwamfutar ce take zafi, Inna. In ta ƙone, muƙamin ya ƙone."

"Subhanallahi! Ɗauka, ɗauka. Ni ai na saba, ba ni murfin kwalin can in yi fifita."

Ya samo wayar hanga, irin ta rataye riga, ya miƙar da ita. Ya lanƙwasa baki ɗaya ya maƙala a ragar fankar, ɗaya bakin ya ɗora a bayan maus ya naɗe da salatif, ya naɗe, ya ƙara naɗewa, har maus ya koma kamar ƙafar da aka yi wa ɗori. Ya danna maɓalli. Fanka ta juya dama, maus ya bi ta dama. Ta juya hagu, maus ya bi ta hagu. Kibiya ta shiga safa da marwa a fuskar kwamfuta, ɗigo ya yi kore shar. Gogan ya yi wa kansa tafi, ya koma tabarma ya yi barcin da bai taɓa yin irinsa ba tun yana goye.

Gaskiya dai gaskiya ce, dabarar ta ci. Kai, ta ci fiye da yadda mai ita ya so, domin ya manta cewa ma'aikaci yana tashi daga aiki. Mu duk mu rufe kwamfuta da yamma, ɗigonsa kore. Mu buɗe da safe, kore. Ranar hutun ƙarshen mako na leƙa don gulma kawai, kore. A mitin na gaba Manaja ta gyara tabarau ta ce:

"Jama'a, dole in yaba wa mutum ɗaya. Na zaci cika baki yake yi, ashe sunansa ya bi shi. Gagara-Gajiya, kai ba ka barci ne?"

Ya sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, ya ɗan juya a kujerarsa don a ga tana juyawa. "Ranki ya daɗe, barci ai na marasa buri ne."

"Madalla. Tunda kana da wannan ƙarfin, zan rage wa sauran nauyi. Daga yau saƙonnin masu ƙorafin fenti duk a tura masa."

Masu ƙorafin fenti, abokina, da ma ni nake fama da su. Su ne mutanen da za su sayi shuɗi su shafa, su rubuto cewa ba irin shuɗin da ke ransu ba ne. Wallahi ranar ji na yi kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Na leƙo ta baranda na ce masa na gode.

"Ba komai, Maƙwabci. Ku kawo duka. Babba juji ne."

Aka kuwa kawo. Na tayil ya turo nasa, na jigila ya turo nasa, har wadda take hutun haihuwa aka juye masa nata. Saƙonni suka yi ta shigowa, shi kuma kullum yana cewa gobe zai zauna ya share su gaba ɗaya. Ita dai fanka tana iya motsa kibiya, amma ba ta san abin da za ta ce wa mai shuɗi ba.

Daga nan ne fa reshe ya juye da mujiya. Ya so ya kashe fankar da yamma, sai ya tuna in ɗigo ya yi rawaya za a ce ƙwazonsa ya ragu. Ya bar ta. In aka ɗauke wuta, kwamfuta tana da batir amma fanka ba ta da shi, sai ka ji gudu dididi daga banɗaki, gogan ya fito da kumfa a ka yana kaɗa maus da hannu har a dawo da wuta. Fanka ta fara kuka, ƙyas-ƙyas, ya ɗebo man keken ɗinkin maiɗakinsa ya ɗiga mata. Wuyanta ya fara sagewa a gefe ɗaya, ya kwana biyu yana gyara. Kanta ya ɗauki zafi, sai ga shi zaune da murfin kwali yana yi wa fanka fifita. Na rantse maka, da rabin wahalar da ya sha a kan fankar nan ya zuba a aikin, da har ni na zaɓe shi.

Gida kuwa ya zama tanda. Inna ta koma kwana da jiƙaƙƙen tawul. Maiɗakinsa ta tsaya a ƙofar ofis tana share gumi.

"Ranka ya daɗe shugaban sashe, yaushe ma'aikaciyarka za ta samu hutu? Ƙuraje sun feso wa Inna a wuya."

"Ku ƙara haƙuri, an kusa sanarwa. In na hau, kowane ɗaki sai na sa masa na'urar sanyi."

"Allah ya nuna mana. Kafin nan dai ka sani, duk gidan nan mutum biyu ne ke aiki, ni da fanka."

Ana nan, abokan ciniki suka gaji da jira suka fara kiran Manaja kai tsaye. Ta neme shi.

"Gagara-Gajiya, abin da ban gane ba shi ne, kullum kana kan aiki, amma mutane suna cewa ba a amsa musu."

Da wani ne, nan zai tuba. Shi kuwa sai ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, wani sabon tsari nake ginawa. Amsa ɗaya-ɗaya ai tsohon yayi ne. In na gama, rana ɗaya kowa zai ji daga gare mu."

Sai ta ce: "To, abin nema ya samu. Kafin in yi sanarwar kujerar, ka yi wa dukkan ma'aikata lacca a kan yadda ake aiki daga gida. Mai kamfani ma zai shigo ya saurara, ka nuna mana tsarin."

Ka zaci zai tsorata? Ashe ba ka san mutumin ba. Lacca! A gaban mai kamfani! Ai a ranar ya yi aikin da bai yi ba tun farkon zaman gida. Ya haɗa hotuna, ga na zaki, ga na tsani, ga na wani mutum tsaye a kan dutse ya ɗaga hannu. Ya yi ta gwaji a gaban madubi, ina jinsa yana cewa "Lokaci, jama'a, lokaci!" yana dukan tebur.

Ranar lacca ya sa kwat mai kauri, ya ɓalle maɓallin riga har maƙogwaro, ya rufe taga don kada hayaniyar titi ta shiga. Ya zo zai cire wayar hanga daga maus, salatif ya ce bai san zancen ba. Ya ja, ya ciza, ya nemi almakashi bai gani ba, ga mutane sun fara shigowa mitin. Sai ya ce ba komai, ya kashe fankar, ya tura ta gefe inda kyamara ba ta kaiwa, ya ce da maɓallan kwamfuta zai riƙa sauya hotuna.

Fuskokinmu suka jeru a ƙananan akwatuna, ga Manaja, ga mai kamfani, wani dattijo mai furfura da ba ya yawan magana. Gagara-Gajiya ya haska mana fuskar kwamfutarsa, hoton zaki ya bayyana.

"Jama'a, mutane suna tambayata, Gagara-Gajiya, mene ne sirrinka? Sirrina shi ne ban san kasala ba. Ni da kasala ko a hanya ba ma gaisawa."

Ya yi ta zuba. Amma ɗakin ajiya ne fa, taga a rufe, kwat mai kauri. Kafin ya kai hoton tsani gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa. Kafin ya kai mutumin kan dutse, rigar ta manne masa, fuskarsa tana ƙyalli, yana magana yana haki. Mu dai muna kallo muna tausaya wa kwat ɗin.

Sai ƙofar bayansa ta buɗe a hankali. Inna ce, ta kawo masa ruwa. Ta ga autanta yana narkewa, ga fanka a tsaye a kashe. Wace uwa ce za ta ga haka ta wuce? Ta ajiye kofi, ta lallaɓa don kada ta dame shi, ta danna maɓalli. Kuma da yake tana son ɗanta, na ƙarshe ta danna, mai ƙarfin duka.

Kibiya ta zabura a fuskar kwamfutar da duk muke kallo. Ta tafi dama a natse, ta shafi hancin mutumin kan dutse, ta dawo hagu. Ta sake tafiya dama.

"Gagara-Gajiya," in ji Manaja, "me kake nuna mana da kibiyar?"

"E, to, wato, ranki ya daɗe, wannan yana nuna yadda rayuwa take, yau dama, gobe hagu."

Yana faɗa yana kai hannu ya cafke maus. Fanka ta ja, ya ja. Fanka ta yi gurnani, ya danne da hannu biyu. Garin dannewa yatsansa ya latsa, hotunan lacca suka ɓace ɓat, akwatin saƙonninsa ya buɗe a gaban kowa. Abokina, saƙonni ne jere reras, ko ɗaya ba a buɗe ba. Fanka ta sake fizga, shafin ya gangara ƙasa, yana ta gangarawa, ba ƙarshe. Na hango mai shuɗina ya rubuto har ya gaji ya koma rubutu da manyan baƙaƙe.

Dattijo mai kamfani ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika akwatinsa.

"Netwok ne!" in ji Gagara-Gajiya. "Ranka ya daɗe, netwok ɗin unguwarmu haka yake yi, sai ya nuna saƙo kamar ba a buɗe ba!"

"Wa kake kokawa da shi a gefe?" in ji Manaja.

Inna dai tana tsaye. Da ta ji muryar mace daga cikin kwamfuta sai ta sunkuyo ta kafaɗar ɗanta, fuskarta ta cika mana allo.

"Salamu alaikum. 'Yar nan, ke ce shugabar tasu? Sannu, sannu da ƙoƙari. Ya iyali? Ya zaman gida?"

"Lafiya lau, Inna. Sannu da hutawa."

"Inna, mitin muke yi," in ji gogan cikin raɗa. "Don Allah ki je, zan zo."

"Rufe min baki, Auta, ina gaisawa da mutane. 'Yar nan, ai na daɗe ina so in gan ki in gaya miki, kun yi dace da yaron nan. Tun yana ƙarami haka yake da basira. Kin ga wani ma'aikacin sai ya zauna yana ta wahala da hannunsa? Shi kuwa nawa fanka ya koya wa aikin. Bari ki gani."

Kafin ya yi wani yunƙuri ta kama kwamfutar ta juya ta gefe. Ga fanka, ga wayar hanga, ga maus cikin ɗaurin salatif yana bin ta dama da hagu. Ga kuma tabarma da matashi a ƙarƙashin tebur.

"Kin gani? Ita take jan ɗan sabulun nan dare da rana, shi kuma ya samu ya kwanta ya huta abinsa. Wallahi har ƙiba ya yi, dubi kumatunsa. Abin da kawai zan roƙe ki, in kun ba shi kujerar, ku haɗa masa da fankarsa ta ofis, a dawo min da tawa. Dubi wuyana."

Ni dai a nan na kashe makirfona na faɗo daga kujera. Na tayil ya kifa kai a tebur kafaɗunsa suna rawa. Wata ta kashe kyamara, amma ta manta da murya, muna jin tana kiran mijinta ya zo ya gani. Dattijon nan da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba ya ciro hankici yana share hawaye. Shi kuwa Gagara-Gajiya ya yi tsuru-tsuru a kujera mai juyawa, iskar fanka tana zuwa ta kaɗa masa kwat ta wuce, ta dawo ta sake kaɗawa. Wallahi sai da ya ba ni tausayi, amma tausayin bai hana ni dariya ba.

Manaja ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Inna, mun gode ƙwarai, kin taimaki kamfani. Fankarki kuma yau za ta koma ɗakinki, ta cancanci hutu." Sannan ta kalle shi ta saman tabarau. "Gagara-Gajiya, saƙonnin nan da hannunka za ka amsa su, ɗaya bayan ɗaya, irin na tsohon yayi. Maganar kujera kuwa ka cire ta a ranka. Na ce zan ba wanda ya fi kowa zama a bakin aiki, kuma in aka bi ta wannan, a gidanku fanka ce ta ci."

Aka rufe mitin. Na rarrafa zuwa baranda ina riƙe da ciki, daidai lokacin da aka buɗe tagar ƙasa don mutumin ya sha iska. Na ji maiɗakinsa daga falo tana tambaya ko ta buga wa su Baba, wato surukansa, ta gaya musu an yi sanarwar. Sai na ji muryar Inna, a natse, ba fushi ba dariya.

"To, alhamdulillahi, ko kai ko ita, ai duk gida ne. Tashi, Auta, ka mayar min da ita ɗakina. Kuma ka ɗauke ta da hannu biyu, a hankali, kada ka buge shugabarka a jikin ƙofa."